Zauren Amsa: Kuɗin Rumfar Baje Kolin da Korona Ta Hana

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙu uku na zaɓo a wannan wata, kuma duk a kan abu ɗaya suke: kuɗin da aka biya don baje kolin kayan sauti a farkon 2020, annobar korona ta zo ta hana taron, kuɗin kuma ya maƙale har zuwa 2023 da wasiƙun suka iso mini. Na taƙaita wasiƙun, na cire sunayen masu su da na waɗanda ake ƙorafi a kansu, kamar yadda muka saba a wannan fili.

TAMBAYA TA FARKO

Baba Alhaji, ina gaisuwa da fatan alheri. Ina da shagon lasifika da amfilifaya a Zongo Lane, gidana kuma a Nima. A watan Janairun 2020 na biya sidi 6,000 ta momo, wato tura kuɗi ta waya, don rumfa biyu a wani baje kolin kayan sauti da aka shirya yi a wani otal a nan Accra cikin Afrilu. Da aka hana taro, mai shiryawa ya ce an ɗage zuwa Agusta. Agusta ta zo, ya ce sai 2021. Daga nan shiru. Yanzu ya kira ni wai bana za a yi, kuɗina yana nan, amma in ciko sidi 5,000 tunda komai ya tashi. Na ce a ba ni kuɗina, sai ya turo mini hoton takardar da na sa wa hannu, inda aka rubuta cewa ba a mayar da kuɗi. Baba, kuɗina ya tafi ke nan?

Daga wani mai shago, Nima, Accra.

AMSA

Ɗana, kuɗinka bai tafi ba. Ka kwantar da hankalinka mu bi maganar daki-daki.

Bari in fara da yi wa mutumin adalci, domin in ka je masa da zafi a kan abin da ba laifinsa ba ne, za ka rasa inda kake da gaskiya. Soke taron Afrilu ba shi ya jawo ba. Ranar 12 ga Maris 2020 aka sanar da mutum biyu na farko masu cutar a Ghana. Daren Lahadi 15 ga wata Shugaba Akufo-Addo ya fito a talabijin ya hana duk wani taron jama'a na mako huɗu, har da masallaci da coci da makoki, jana'iza ma aka ce kada ta wuce mutum 25. Ranar 30 ga Maris aka kulle Accra da Tema da Kasoa da Kumasi, sai 20 ga Afrilu aka buɗe. Ko da aka sassauta ranar 5 ga Yuni, mutum 100 kawai aka yarda su taru. Kowa a Nima ya tuna azumin da aka yi babu tafsiri a masallaci, aka yi Sallah a tsakar gida. Manyan bukukuwan wannan sana'a tamu ma haka suka faɗi ɗaya bayan ɗaya. Baje kolin High End na birnin Munich a Jamus, wanda a lokacin ake yi a watan Mayu, an soke shi, bai dawo ba sai 2022. Na Prolight + Sound a Frankfurt an ɗage shi daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Mayu, daga baya aka haƙura. AXPONA da ake yi kusa da Chicago a Amurka an ɗage shi daga Afrilu zuwa Agusta, Agustan ma bai yiwu ba. Saboda haka ranakun da mutuminka ya yi ta ɗagawa da farko, irin abin da duniya duka ta yi ne.

Inda muka rabu da shi shi ne a kan kuɗin. Ka biya ne don a ba ka wuri ka baje kayanka mutane su zo su ji. Ba a ba ka wurin ba, mutane ba su zo ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, in kuwa aski ya gagara, sai a maida lada.

Dokar ƙasa ma haka ta ce. Muna da Dokar Kwangila ta 1960, wadda lauyoyi ke kira doka ta 25, kuma sashenta na farko a kan irin wannan hali yake. In aka ƙulla yarjejeniya, wani abu da ba laifin kowa ba ya zo ya sa cika ta ta gagara, kuɗin da aka riga aka biya na mai shi ne, yana da ikon karɓar abinsa. Abin da doka ta bar wa ɗaya ɓangaren shi ne kotu tana iya yarje masa ya riƙe abin da ya kashe don shirya aikin kafin abin ya faru, kuma kada ya wuce abin da ya kashe ɗin. Riba ba ta ciki. Na san wannan sashe ne saboda zaman sulhu da na sha yi tsakanin 'yan kasuwarmu tun daga waccan shekara, har wani lauya ɗan unguwarmu ya zaunar da ni ya karanta mini shi layi-layi. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne asalin maganar ma daga harkar sauti ta fito. A 1861 wasu mutane a Landan suka yi hayar zauren kaɗe-kaɗe na kwana huɗu, zauren ya ƙone kafin ranar farko, a 1863 kotu ta ce alkawarin ya faɗi, babu mai bin wani diyya. A 1902 kuma aka ɗage naɗin Sarki Edward na Bakwai na Ingila saboda rashin lafiya, waɗanda suka yi hayar ɗakuna masu taga don kallon jerin gwano suka yi ta kai ƙara, kotunan lokacin suka ce wanda ya riga ya biya ya yi asara. Mutane suka ga babu adalci a ciki, Ingila ta gyara dokarta a 1943, mu kuma muka rubuta tamu a 1960.

Yanzu takardar da ya turo maka. Kada ka tsaya a hoton layi ɗaya, ka nemi takardar duka. Sau da yawa wannan magana ta "ba a mayar da kuɗi" an rubuta ta ne don mai rumfa da ya biya sannan ya fasa zuwa da kansa, ya bar mai shiri da wuri babu kowa. Kai ba ka fasa ba. Abin da za ka duba shi ne ko akwai wani sharaɗi dabam da ya yi magana a kan abin da ya fi ƙarfin mutum, kamar annoba ko yaƙi ko umarnin gwamnati. A takardun Turanci za ka ga an rubuta masa force majeure. In akwai shi, kuma ya faɗi ƙarara yadda za a yi da kuɗi, to kotu shi za ta fara dubawa, nan ne kake bukatar lauya ya karanta maka. Amma ko da ya ba shi damar ɗage rana, ban taɓa ganin takardar da ta ba mutum damar riƙe kuɗin wani shekara uku sannan ya ce a ƙaro ba. Ka kuma koma cikin WhatsApp ɗinka. Wataƙila da ya ce an ɗage zuwa Agusta ka amsa da "Allah ya kai mu". Zai iya cewa ka yarda da Agusta. To, ka yarda da Agustan 2020, ita ma ta wuce ba a yi ba.

Maganar ciko ita ta fi ƙona mini rai. A farkon 2020 dala tana wajen sidi biyar da rabi, wato sidi 6,000 ɗinka sun haura dala dubu. A watan Nuwamban 2022 sai da dala ta wuce sidi 14 a wurin 'yan canji, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disamba. Kai da kayanka daga Guangzhou ta ƙasar Chana suke zuwa, ka fi ni sanin abin da wannan ke nufi. Da kuɗin yana hannunka, da ka juya shi a kaya sau nawa? Yau ko an ba ka shi cif, da ƙyar ya sayo rabin abin da zai saya a lokacin. Asarar faɗuwar sidi a kanka ta riga ta sauka, sai kuma a ce ka biya wadda ta sauka a kan mai shiri. A ganina sulhu na adalci ɗaya ne daga cikin biyu, kuma kai ke da zaɓi: ko ya ba ka rumfunanka biyu bana ba tare da ka ƙara ko kwabo ba, ko ya zaunar da kai ya nuna maka rasit na abin da ya kashe kafin 15 ga Maris 2020, a raba shi a kan duk masu rumfa, a cire kasonka, ya ba ka saura.

Ba ina faɗa maka abin da ban ɗanɗana ba ne. A watan Maris ɗin 2020 akwai kafin alƙalami na hayar kayan sauti don biki huɗu da walima ɗaya a hannuna, duk a rubuce cikin littafin da nake ajiyewa ƙarƙashin teburin gyara. Akwai wata baiwar Allah a Maamobi, mijinta ya rasu, tana sayar da waake a bakin titi, ta tara sidi 400 ta kawo mini don bikin 'yarta ta fari. Kuɗin a ƙulle cikin leda, 'yan sidi biyar-biyar da bibbiyu, wasu da maiƙon miya a jiki. Na riga na kashe sidi 90 daga ciki wajen naɗe wa wata lasifika sabon koyil, wato naɗin wayar da ke cikinta, saboda bikin. Bayan an buɗe gari na je gidanta da takunkumi a fuska, na tsaya daga bakin ƙofa, na buɗe mata littafin. Ta dube shi ta ce ita ba ta iya karatun boko ba, in faɗa mata da baki. Na faɗa mata. Sai na tuna lasifikar tana nan a shagona, gyaran ni zai amfana, na ce mata babu abin da za a cire. An ɗaura auren da mutum kaɗan a tsakar gida, babu kiɗa. Don in cika wa sauran kuɗinsu sai da na sayar da amfilifaya guda da nake ji da ita. Damina ta same mu da kaya a jibge ƙarƙashin tamfol, danshi yana cin takardar lasifika, ɓeraye suna cin waya, duk Juma'a sai na je na kunna na'urorin na rabin awa don kada su mutu a zaune. Na san ciwon da mutuminka yake ji, shi ya sa nake ce maka ka je masa da mutunci.

Ga yadda za ka yi. Ka haɗa saƙon momo, da takardar, da duk hirarku ta waya, ka buga su a takarda. Ka duba kuɗin lambar wa ya shiga, ta kamfani mai rajista ko tasa ta kansa, domin shi zai nuna wanda kake bi. Ka nemi sauran masu rumfa, na tabbata ba kai kaɗai ba ne a Zongo Lane, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku rubuta masa wasiƙa ɗaya mai kwanan wata, ku faɗi abin da kuke nema, ku ba shi wa'adi, ku tafi da dattijo guda da yake jin nauyinsa, limami ko sarkin unguwa. Yawancin irin wannan rigima a tabarma take ƙarewa. In ta ƙi, kotunanmu suna da sashen sulhu, akwai ma doka a kansa tun 2010, kuma ya fi shari'a sauƙi da arha. Abu ɗaya kada ka manta: a dokar ƙayyade lokaci ta 1972, ƙarar da ta shafi yarjejeniya irin wannan shekara shida ake ba ta. Ka riga ka ci kusan rabi, kada ka bari "bana za a yi" ta cinye saura.

TAMBAYA TA BIYU

Malam, ni ina ɗaya ɓangaren ne, kuma kunya ta hana ni barci. Ni matashi ne a Aboabo. Na shirya ɗan ƙaramin baje koli a Kumasi don masu hayar lasifika da masu gyara da masu sayar da makirufo, ranar Asabar ta ƙarshen Maris 2020. Mutum 20 suka biya sidi 800 kowanne. Na ba mai zaure 6,000, tallar rediyo ta ci 2,400, fosta 1,200. Sauran 6,400 na ci su da iyalina lokacin kulle da bayansa, ba ni da wata hanya. Mai zaure ya ce ba ya mayar da kuɗi, sai dai in zo in yi taro duk ranar da na shirya. Yanzu ba na iya bin ta Alabar don kada in haɗu da su. A addini da doka, me ke kaina?

Daga wani ƙaninka, Aboabo, Kumasi.

AMSA

Ƙanena, kunyar nan da kake ji alheri ce, kada ka bari ta zama abin da zai ɓoye ka. Mutum 20 suna ganin ka gudu da kuɗinsu, alhali ga lissafi a kanka tsaf har ka iya rubuto mini shi. Su ya kamata su fara jin wannan lissafi.

Kuɗin nan sidi 16,000 kashi uku ne, kowanne da hukuncinsa. Na rediyo da fosta, 3,600, sun tafi a kan taron, an yi tallar an ji, an manna fosta an gani. In ka raba a kan mutum 20, kowa 180 ke nan. Wannan shi ne irin abin da dokar 1960 ta ce kotu tana iya barin mai shiri ya riƙe, in ya kawo hujja. Ka lura, "tana iya" aka ce, alƙali ne zai duba. Ko an bar maka shi, kowane mutum yana bin ka 620, jimla 12,400.

Na mai zaure, 6,000, a nan kai ma matsayinka ɗaya da mai wasiƙar farko. Ka yi hayar wuri, gwamnati ta hana taro, ranar da ka sa ma ta faɗo cikin makonni huɗun farko na dokar. Duk abin da na faɗa masa ya hau kanka, ka je ka nemi kuɗin. In ya kafe a kan sai dai rana, ka kai maganar gaban mutanenka. Wataƙila su ce a karɓi ranar a yi taron, tunda yanzu gari a buɗe yake, biki da maulidi da wa'azi sun dawo, masu haya suna neman sababbin kaya. In suka zaɓi haka da bakinsu, ka sauke 300 daga kan kowa.

Na ukun, 6,400, bashi ne, babu wani suna da za a sa masa. Ba na zarginka, na ga abin da kulle ya yi wa masu samu sai an fita. Amma yunwar da ta sa ka ci ba ta mayar da kuɗin naka ba.

Ta fuskar addini, abin da na koya a gaban malamanmu na Malikiyya shi ne haya a kan amfani ake biyanta, in amfanin ya gagara gaba ɗaya, haya ta warware. Akwai kuma babin da ake kira ja'iha, wato bala'in da ke faɗa wa 'ya'yan itace bayan an saya tun suna bisa. A hadisin Jabir da Muslim ya ruwaito, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mai sayarwa karɓar kuɗin abin da bala'i ya lalata, ya tambaya da wane haƙƙi mutum zai ci dukiyar ɗan'uwansa. Saboda haka ni a wurina, ko 180 ɗin nan kada ka cire shi da ƙarfin doka. Ka shimfiɗa rasit a gabansu ka roƙi su yafe, wanda ya ƙi ka rubuta masa 800 ɗinsa. Su ma akwai abin da ke kansu: aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Sai dai ba za su jinkirta wa mutumin da ba su gani ba. Ka kai wa malamin unguwarku lissafin nan kamar yadda ka kawo mini, ya ƙara maka haske, ya kuma zauna a taron.

Wajen biya, ka fara da mafi rauni. A cikin mutum 20 ɗin akwai mai shago biyu a Adum, akwai kuma yaron da makirufo uku da lasifika biyu ne duk jarinsa, kai ka san su. Ko manyan duniya da ƙanana suka fara. Babban taron wayoyin hannu na Barcelona, wanda aka soke ranar 12 ga Fabrairun 2020, daga baya masu shi sun ba ƙananan masu rumfa damar karɓar kuɗinsu, manya kuma aka ba su zaɓi tsakanin wani kaso a hannu ko ragin da ya fi abin da suka biya, a rarrabe cikin shekaru uku masu zuwa. Abin da na ɗauka daga wurinsu shi ne wanda aka roƙa ya jira, an ƙara masa wani abu saboda jiran. Kai ba ka da kuɗin ƙari, amma kana da hannu. Ka iya gyara, ka iya haɗa waya, kana iya bin mutum wurin biki ka riƙe masa na'ura kyauta, in ya yarda a rage daga bashin. Ka sayi littafi, kowa da shafinsa, duk abin da ka biya ya sa hannu. Ko sidi 50 ne a mako, ranar da ka kai na farko za ka iya bin ta Alabar.

TAMBAYA TA UKU

Alhaji, ni ina shigo da ƙananan lasifikoki da rediyo daga Chana. Namu mai shirin bai ɓace ba, ya yi mana taron ne ta intanet a ƙarshen 2020, kowa ya nuna kayansa a bidiyo na minti goma, ya ce ya cika alkawari. Ni ko guda ban sayar ba. Ya cika? Kuma nan gaba me zan duba kafin in biya?

Daga wata Hajiya, Madina Zongo, Accra.

AMSA

Hajiya, in kin yarda da canjin kafin a yi, kin kuma shiga kin nuna kayanki, zai yi wuya ki ce a ba ki kuɗinki duka. Abin da nake ganin kina da bakin nema shi ne ragi, domin kuɗin da kika biya an yanka shi ne da lissafin zaure da wuta da janareta da masu gadi, kuma babu ɗayansu da aka biya don bidiyon minti goma. Ki tambaye shi ina wannan kaso ya shiga.

Ba shi kaɗai ya gwada intanet ba. Baje kolin Canton da kuka saba zuwa a Guangzhou ta intanet aka yi shi a watan Yunin 2020, haka ma taron NAMM na masu kayan kiɗa a Amurka a Janairun 2021. Ga mai sayar da tufafi ko tukwane wataƙila hoto ya wadatar. Mu a sana'armu ji ne ya kori gani. Mai sayen lasifika yana so ya tsaya a gabanta, a ƙure ƙara, ya ji ganga tana dukan ƙirjinsa, ya sa tafin hannu a jikin akwatin ya ji ko katakon yana rawa, ya ce a sa masa karatun Alƙur'ani ya ji ko muryar ta fito wasai ko ta shaƙe. Limamin da ya zo saya wa masallaci yakan karɓi makirufo ya yi sallama sau uku, ya koma can baya ya ce a maimaita. Ta waya kuwa, lasifikar sidi dubu ashirin da ta sidi ɗari biyu duk ta ƙaramin ramin wayar mai kallo suke fita. Ban yi mamakin rashin cinikinki ba.

Nan gaba, tunda Chana ta janye killace baƙi tun 8 ga Janairun 2023 kuma tafiye-tafiye sun dawo, kada ki biya kuɗin rumfa duka tun da wuri. Ki ba da kashi ɗaya cikin uku, saura sai rana ta matso. Ki biya a asusun kamfani, ki karɓi rasit mai hatimi. Kafin ki sa hannu, ki sa a rubuta abu uku da harshen da kike ganewa: in an soke, nawa za a mayar kuma cikin kwana nawa, in an ɗage, kina da ikon cewa ba kya so a ba ki kuɗinki, in an mayar da shi intanet, sabon ciniki ne da sabon farashi. Kada ki dogara da cewa mai shiri yana da inshora. Masu gasar tanis ta Wimbledon a Ingila suna cikin 'yan ƙalilan da suka sayi inshorar annoba tun kafin korona, kuma bayan 2020 kamfanonin inshora da yawa sun cire cututtuka masu yaɗuwa daga abin da suke biya. In ya ce yana da ita, ki ce ya nuna miki shafin da aka ambaci annoba.

Tikitin jirgi da otal kuma daban suke da kuɗin rumfa, mai shiri ba ya ɗaukar nauyinsu ko da ya mayar miki da nasa. Ki sayi tikitin da ake iya canja wa rana, ko da ya ɗara tsada, otal kuma ki kama wanda ake biya in an isa.

Mai wasiƙar Nima da ƙanena na Aboabo, ku sake rubuto mini bayan kun yi zaman. Ina so in ji yadda aka ƙare, musamman maganar mai zauren nan na Kumasi.